Facin da nake yi a gida ba ya kwana uku, ina matsalar take?

Baban_Hamza_Karkada
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan keke. Yarona da keke yake zuwa lakwal daga nan Karkada, kuma tun da aka koma karatu a watan Oktoba tayar baya ba ta taɓa cika kwana uku ba ta sace ba. Da farko wajen mai faci yake kaiwa, dala ashirin yau, dala ashirin jibi, har na ga abin yana neman fin kuɗin karin kumallonsa. Sai na shiga Kasuwar Dole na sayo sholisho da faci da famfo, na ce ai ba wanda aka haifa da iyawa. Cikin mako biyu na yi faci huɗu. Biyu sun ɗaga, biyu suna nan daram amma iska ba ta fasa fita ba. Shambur ɗin, wato robar cikin taya mai riƙe iska, yanzu ya koma faci kan faci, abin kunya ma in kai shi wajen mai gyara. To hannuna ne bai iya ba, ko kayan yanzu ne ba su da kirki, ko kuwa gyaran keke a gida wahalar banza ce, in mayar wa masu sana'a abinsu?

Ɗan_Birni_84
Wa alaikumus salam. Kafin a kama sholisho da laifi, a fara tambayar Hamza mutum nawa yake goyowa in an tashi lakwal. Jiya a bakin fada na ga yara uku kan keke ɗaya, na ukun a tsaye yana dafe da kafaɗar na biyu.

Mai_Faci_Zango
Baban Hamza, sannu da ƙoƙari. Ni sana'ata ke nan, shekara goma sha tara ina zaune gindin dogon yaro da bokitin ruwa, kuma ba zan ɓoye maka komai ba don tsoron rasa dala ashirin, arziki na Allah ne.

Facin da ya ɗaga, yawanci gaggawa ce ke kawo shi. Mutane sun ɗauka sholisho irin gam ne, a shafa a liƙa tun yana da danshi. Ba haka yake aiki ba. Roba ce aka narkar cikin wani ruwa mai saurin tashi. Sai ruwan nan ya tashi sarai, sannan abin da ya rage ya haɗe shambur da facin su zama abu guda. In ka liƙa da danshi ka kulle ruwan a ƙarƙashi ke nan, rana na bugun taya facin zai saki baki.

Ka fara kankare wurin hujin da samfefa ko guntun zarto har ƙyallin robar ya mutu, kuma wurin da ka kankare ya ɗara facin faɗi. Ka shafa sholisho ɗan kaɗan, siriri, ba damɓare ba. Ka ajiye. Kada ka hura da baki, kada ka sa yatsa wai ka ji ko ya bushe. Kamar minti biyar, a zafin nan namu ma bai kai ba, za ka ga ya daina sheƙi. Sannan ka ɗora facin ka murje shi da gindin kofin shayi, daga tsakiya zuwa gefe. Kuma kada ka hura shambur ya kumbura a waje wai gwaji, yana miƙewa yana yage facin ne. Ka mayar cikin taya tukuna.

Amma abin da ya fi tsaya mini a maganarka shi ne biyun da ba su ɗaga ba kuma iska na fita. Wannan ba hannunka ba ne. Akwai abin da ke kwance cikin tayar nan yana jiran shambur.

Baban_Hamza_Karkada
Wallahi ka kama ni. Ina shafawa nake liƙawa, har ƙara sholisho nake a bayan facin wai don ya fi kamawa. Ashe ɓarna nake ta yi da kuɗina.

Ɗan_Mirya
Abin da ke jiran shambur ɗin sunansa tsidau. Ni duk ranar Alhamis nake shigowa Damagaram daga Mirya da kayan lambu, kilomita 18 zuwa, 18 komawa, na san ƙayoyin hanyar nan kamar yunwar cikina. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba su ba ni tsoro, ana hango su, in sun shiga ma ana ganin gindinsu a cire. Tsidau kuwa da damina ta ɗauke sai ya bushe ya zubar da ƴaƴansa a gefen hanya, kuma duk yadda ɗan ya faɗi akwai tsinin da ke kallon sama. Ya shiga taya, ya karye, kan ya maƙale a cikin roba ba a gani. Ka cire shambur ka yi faci mai kyau ka mayar, tsinin yana nan, ya sake hudawa kusa da na jiya. Oktoba da Nuwamba ai lokacinsa ne. Ka fitar da tayar gaba ɗaya, ka samu auduga ka bi cikinta da ita a hankali. Inda ƙaya take za ta kama zaren audugar. Kada ka bi da yatsa tsirara, in gilashi ne ko waya za ka ji a jikinka.

Sani_ba_sabo
Ƙarangiya ce. Unguwarmu duk ita ce.

Ɗan_Mirya
Haba malam. Ƙarangiya wando take kamawa da gashin tunkiya, ba ta da ƙarfin ratsa taya sai dai in tayar ta riga ta sule ta zama fatar albasa.

Tsoho_Mai_Raleigh
Ƴaƴana, ina karanta ku ina murmushi. Raleigh ɗina daga Kano na zo da shi a 1978, lokacin kamfanin yana da masana'anta a can, kuma har gobe shi nake hawa zuwa masallacin Juma'a. A zamaninmu keke ba ya fita gida sai da ƴar jakar fata a bayan sirdi, ciki akwai sifana da ƙarfen ɓanɓare taya da gwangwanin faci. Kunya ce namiji ya turo keke cikin gari saboda ƙaya. Kowace Juma'a da safe a juya shi a kan sirdi, a goge, a bi kowane noti a ji ko ya saki. Yanzu yaro zai hau keke yana ƙara kamar amalanke, ba zai tsaya ba sai ƙafa ta fita.

Maganin ƙaya da muka gada shi ne wannan: ka samu tsohon shambur, ka yanke bawul ɗinsa, ka tsaga shi, ka shimfiɗa cikin taya kafin ka sa sabon. Ƙaya ta ratsa taya sai ta tarar da wata rigar. Keken zai ɗan yi nauyi, amma mai zuwa makaranta ba tsere yake ba.

Ɗalibi_André_Salifou
Baba, Allah ya ƙara girma. Dabarar tana aiki amma da sharaɗi. Na gwada ta a keken da nake zuwa jami'a, bakin tsohon shambur ɗin da na yanka da reza ya naɗe a ciki, ya yi ta gogar sabon har ya huda shi da kansa. Abin da ya karɓe ni shi ne tsohuwar taya da ta sule: a yanke gefunanta masu waya a yar, a bar tsakiyar, a goge bakin ya yi laushi, a zura cikin sabuwar. Ta fi shambur tauri kuma ba ta naɗewa.

Sannan maganar Ɗan_Birni ba wasa ba ce. In iska ta yi ƙaranci kuma aka ɗora nauyi, da ƙafar ta daki dutse ko bakin rami sai ƙarfen ƙafar ya datse shambur. Alamar ita ce huji biyu gefe da gefe kamar saran maciji. Garin nan kuwa kowa ya san duwatsunsa. Baban Hamza, ka duba ko hujin naka tagwaye ne. A jikin taya ana rubuta iyakar iskar da take ɗauka, in ba ka da ma'auni ka danna da babban yatsa, in ya lotsa da sauƙi ba ta ƙoshi ba.

Tsoho_Mai_Raleigh
Da reza ka yanka, shi ya sa. Almakashi ake sawa, kuma a barbaɗa ƴar hoda a tsakani.

Direban_Kabukabu
Duk wannan dogon turanci ne. Ku kai a yi muku facin wuta a huta. Mu masu babur ba mu yarda da facin sanyi ba, wanda aka gasa da ƙarfe shi ne ba ya ɗagawa ko da rana ta kai ina.

Mai_Faci_Zango
Direba, shambur ɗin babur daban, na keke daban. Na keke siriri ne, in wuta ta ɗan zarce sai wurin ya ƙone ya yi tauri, gobe ya tsage a gefen facin, kuma wannan tsagar ba ta gyaruwa. Wanda ya ƙware yana yi lafiya lau, ni ma ina yi in tsagar babba ce. Amma mutum a tsakar gidansa da gawayi da tsohon fistan? A'a. Facin sanyi in an bi ƙa'idarsa sai shambur ya mutu ya bar shi.

Zancen rana kuwa gaskiya ne. A watan Afrilu da Mayu, in zafi ya haura digiri 40, kada a jingine keke a bango cikin rana tun hantsi har la'asar. Iskar ciki tana ƙaruwa, robar tana tsufa, facin da bai kama da kyau ba ranar yake tona kansa. Yaran lakwal duk a fili suke zubar da kekunansu. A ce wa Hamza ya nemi inuwa ko ta katanga ce.

Maman_Zara
Tun da an taɓo gyaran gida, bari in kawo ƙarata gaban manya. Ni ɗinki nake yi. Kwalbar man keken ɗinkina da ke yi mini wata uku, yanzu ba ta kai wata ɗaya. Na yi ta zargin zafi ne ke shanye shi, sai shekaranjiya na kama autana bayan ɗaki ya juya keken yayarsa yana tsiyaya wa kaca kamar mai zuba manja a wake. Na ƙwace, ya ce wai abokansa sun ce shi ya fi kowane mai. To shin gaskiya ne, ko in ja kunnensa da hujja?

Ɗan_Birni_84
Hajiya, ki ja kunnen tukuna, hujjar ta biyo baya.

Mai_Faci_Zango
Maman Zara, yaron bai yi ƙarya ba, yawan ne ya ɓata. Man keken ɗinki siriri ne, yana shiga cikin gaɓoɓin kaca inda ake bukatarsa, kuma ba ya tara ƙasa da yawa. Aibinsa saurin bushewa, sai an riƙa sabuntawa. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda baya-baya, a bar shi ya ɗan jima, sannan a sa tsumma a goge na wajen tas. Kaca mai ƙyalli da mai a waje ba gata aka yi mata ba.

Ga_Ruwa_Garin_Malam
Ni dai baƙin mai nake sawa kuma ban ga abin da ya same ni ba. Kyauta nake samu wajen masu juyen mai. Mutumin da ke neman na tuwo ina ya ga kuɗin man kwalba?

Mai_Faci_Zango
Ɗan uwa, kai ba abin da ya same ka, kacarka ce ta ji jiki. Baƙin mai ya riga ya kwaso garin ƙarfe daga inji, ga kauri, ga danƙo. Ka fita da shi cikin rairayin nan, ko lokacin hunturu da ƙura ke tashi, sai ya zama kamar an kwaɓa samfefa an shafa. Kullum kana taka feda kana wasa kaca da haƙoran firiwil, wato faifan da kaca ke ja a ƙafar baya. In ba yadda za ka yi, ka tace shi da tsumma, ka sa kaɗan, ka goge. Kuma kada ya taɓa taya, mai yana cin roba.

Ɗalibi_André_Salifou
Akwai hanyar gane ko kaca ta gama aiki ba sai an yi musu ba. Tsakanin ƙusa da ƙusa a kacar keke rabin inci ne. Ka ƙirga ƙusa 24 daga wadda ka fara, sabuwa za ta ba ka inci 12 cif, wato kusan santimita 30.5. In ka auna ka ga ta zarce da kamar milimita 3, ta miƙe, kuma ta fara cin haƙora. A lokacin in ka sa sabuwar kaca kan tsohon firiwil tsalle za ta riƙa yi, sai dai a canza su tare. Maman Zara tana da tef ɗin awo, ta fi kowa sauƙin gwadawa.

Bakano_a_Damagaram
Ku ƴan Nijar kun taɓa sa ni asara da bakinku. Farkon zuwana wani ya ce in wanke kaca da "petrol", na je na sayo fetur kwalba guda na zauna kusa da murhun mai shayi ina wanki, sai da aka yi mini ihu. Ashe kananzir kuke nufi, fetur kuma ku ce esansi. Haka na je neman tub aka ce ba a san shi ba sai shambur, na ce sifana aka ce kile.

Sani_ba_sabo
Da ɗan gari akan ci gari, Bakano.

Baban_Hamza_Karkada
Jama'a, taya na kawo, kun kai ni kaca. Na gode dai, ina rubutawa. Na bi cikin tayar da auduga kamar yadda Ɗan_Mirya ya ce, ban samu ƙaya ko ɗaya ba. Hujin kuma ba tagwaye ba ne. Ina tunanin gobe in sayo sabuwar taya da sabon shambur kawai a wuce wurin.

Mushe_Tudun_Jamus
In za ka saya, kada ka je da baki kawai. Ni abin ya taɓa cina. Na shiga wani shago na ce a ba ni taya lamba 28, aka ba ni, na zo gida na yi ta kokawa da ita har na lanƙwasa cokula biyu na uwargida, ta ƙi hawa. Na mayar, mai shagon ya ce ai na riga na murje ta, ba ya karɓa. Daga baya na gane 28 iri biyu ce. Ta manyan kekunan nan irin Phoenix da Raleigh da Hero ana rubuta mata 28 x 1½, faɗin bakinta milimita 635. Ɗayar, ta kekunan Turai na gwanjo, wadda Faransawa ke ce wa 700, ita 622 ce. Milimita 13 ne tsakaninsu amma har abada ɗaya ba ta hawa ƙafar ɗaya. Lamba 26 ma ta fi rikici: akwai 559 ta kekuna masu giya da ƙatuwar taya, akwai 590, akwai 584 da ke kan tsofaffin kekunan Faransa da yawa. Ka duba jikin tsohuwar tayar, za ka ga lamba kamar 40-635. Ita za ka rubuta a takarda, ko ka ɗauki tsohuwar ka tafi da ita.

Ga_Ruwa_Garin_Malam
To ni ga tawa matsalar, ko akwai mai taimako. Bido huɗu na ruwa nake ɗorawa, biyu kowane gefe. Duk mako sai sifok, wato wayoyin ƙafar keke, ɗaya ko biyu sun tsinke a baya, ƙafar ta koma rawa kamar faifai. Na canza na gaji.

Ɗalibi_André_Salifou
Bido huɗu masu lita 25 kilo 100 ke nan, ban da kai, kuma duk a kan ƙafar baya. Ba sifok ne ba su da kirki ba, yaya.

Ga_Ruwa_Garin_Malam
To in rage bido in ci me? Kai ma ka san yadda ruwa yake a garin nan in bazara ta yi, sawu ɗaya sai ka yi rabin yini a layi. Dole in cika kaya.

Mai_Faci_Zango
Naka sai mun zauna, ɗan uwa. A taƙaice, in sifok ɗaya ya tsinke sauran ne ke ɗaukar nauyinsa, in aka sa sabo ba a daidaita ɗaurin duka ba sai su yi ta bin juna. Ƙafarka tana son a warware ta gaba ɗaya a sake saƙa ta da masu kauri.

Amma maganarka ta tuna mini wani abu. Baban Hamza, dakata da sayen taya. Ka hura shambur ɗin kaɗan ka duba: facin naka huɗu a bayansa suke, wajen da ke kallon ƙasa, ko a cikinsa, gefen da bawul yake? Kuma an taɓa canza wa ƙafar nan sifok kwanan nan?

Baban_Hamza_Karkada
Allahu akbar. Mai_Faci, Allah ya biya ka.

Bayan la'asar na karɓi ragowar ruwan wanki wajen uwargida a baho, don ta ce ba za a taɓa mata na randa saboda keke ba. Na juya keken a kan sirdi, na fitar da shambur, Hamza na riƙe da famfo. Duk facin huɗu a ciki suke, gefen bawul, a jere wuri guda, tazarar tafin hannu daga bawul ɗin. Na nitsa cikin ruwa, sai ga ƴan kumfa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga gefen faci na uku, sabon huji ƙarami kamar na allura. Na auna tafin hannu daga ramin bawul a jikin ƙarfen ƙafar. Robar nan da ake zagayawa a rufe kawunan sifok ta tsinke ta zame gefe, duk tsatsa a ƙarƙashi, ga kan sifok ɗaya ya fito tsaye, na shafa sai da ya karce mini yatsa. Nan Hamza ya tuna cewa kafin a koma makaranta ya kai an sa masa sifok guda wajen wani yaron mai gyara. Ashe ya fi sauran tsawo, aka ɗaure aka bar shi haka.

Na goge kan da zarto har ya yi daidai da notinsa, na kankare tsatsar, na yanko zare mai faɗin yatsa daga tsohon shambur, da almakashi kamar yadda Baba ya ce, na zagaya na huda wurin bawul. Na yi sabon faci, wannan karon na jira har na sha shayi kofi ɗaya kafin in liƙa. Wata guda ina zagin ƙaya da ƴan kasuwa, ashe ɓarawon a cikin gida yake.

Ɗan_Mirya
Madalla. Amma kada ka saki jiki, tsidau bai yi tafiya ba.

Tsoho_Mai_Raleigh
Saura bawul. Ka tofa ɗan yawu a bakinsa ka zuba ido. In ya yi kumfa, ka kwance ka zaro cikinsa, za ka ga wata ƴar roba siririya kamar tsutsa da aka sa wa ƙarfen. Zafi yana busar da ita ta tsage, mutum ya yi ta neman huji a shambur alhali lafiyarsa ƙalau. Guntunta ake sayarwa, araha ce, ka jiƙa da yawu ka zura. Ni kullum akwai ta a aljihun jakata.

Ɗalibi_André_Salifou
Irin bawul ɗin da Baba ke nufi sunan Dunlop ake kiransa da shi. In na keken irin na mota ne, mai ɗan tsinke a tsakiya, ba shi da wannan robar, cikinsa ake ɗaurewa ko a canza. Kuma Baban Hamza, kana da abokin tafiya a tarihi. John Boyd Dunlop likitan dabbobi ne a Belfast, keken ɗansa mai ƙafa uku ne ya dame shi da girgiza, ya zauna a gida ya naɗa masa robar da ake hura wa iska, ya yi rajistar abin a 1888. Tasa manne take da ƙafa, faci sai an sha wuya. Ƴan gidan Michelin a Faransa suka fito da wadda ake cirewa a mayar a 1891.

Ɗan_Birni_84
Wato da Baban Hamza ya rigaya zuwa duniya da yanzu taya Karkada ake kira.

Maman_Zara
Na auna kacar, ta wuce da ɗan kaɗan, za ta kai ƙarshen shekara in Allah ya so. Amma na gano wata ɓarnar da ta fi ta man. Birkin keken yana ƙara, sai autan nawa ya ɗiga wa robar birkin mai don ta yi shiru. Ta yi shirun kuwa. Yau Zara ta dawo tana rawar jiki, ta ce ta matse birki a mararraba keken ya ƙi tsayawa, da ƙafa ta ja ƙasa har silifas ɗinta ya tsinke. Allah ne ya kiyaye.

Mai_Faci_Zango
Subhanallahi. Allah ya ƙara kiyayewa. Kada ta sake hawa sai an gyara. A wanke gefen ƙarfen ƙafar da omo sosai, robar birkin kuma a canza ta, don ta riga ta sha mai. In birki na ƙara, samfefa ake bi ta kan robar a cire ƙyallin da tsakuwar da ta nutse ciki, ba mai ba.

Wannan ya dawo da mu tambayar farko. Ni a ganina faci, iska, man kaca, ɗaure noti da canza robar birki duk na gida ne, duk mai keke ya kamata ya iya. Amma saƙa ƙafa, buɗe boris, wato ƙwayoyin ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansu, da fitar da kotafin, ƙusar da ke riƙe hannun feda, a kawo mana. Boris ɗin ƙafar baya yawanci ƙwaya tara ne kowane gefe, mutum zai buɗe a tsakar gida su watse cikin rairayi, ya tsinci bakwai ya mayar, ya ɗaure tamau, bayan mako ya kawo mini hob ya cinye. Garin gyaran gira a rasa ido.

Mushe_Tudun_Jamus
Nan kam ban bi ka duka ba. Mai ƙauye da ke bayan Dogo ko Durum, wa zai kai wa? In an shimfiɗa buhu an buɗe a kai, an ƙirga ƙwayoyin, an sa giris sabo, an ɗaure yadda ƙafa za ta juya sakayau ba tare da girgiza ba, ai ba karatun likita ba ne. Ku ma da ɓatawa kuka koya.

Mai_Faci_Zango
Da ɓatawa muka koya, Mushe, amma a kan keken maigidanmu, kuma da bulala a kusa.

Ɗan_Birni_84
Tun da ana tonon asiri, ni ne na taɓa kwana ina dukan kile 15 da guduma a kan fedar hagu, ina kwancewa a zatona, ashe ɗaurewa nake. Ba wanda ya gaya mini cewa ta hagu zarenta a juye yake, ta dama ce ke kwancewa yadda aka saba. Sai da na cinye zaren tas na sayi sabon hannun feda.

Bakano_a_Damagaram
Wannan ko a Kano haka take, ba laifin Faransanci ba ne.

Ga_Ruwa_Garin_Malam
Mai_Faci, saƙar ƙafar nan nawa za ta ci, kuma yini nawa zan yi ba keke? Don ranar da ban fita ba ba a ɗora tukunya.

Mai_Faci_Zango
Ka zo ranar Juma'a da sassafe da sifok ɗinka 36, kafin a tafi masallaci ka hau abinka. Kuɗin ba a nan za mu yi shi ba.

Baban_Hamza_Karkada
Na dawo da labari. Kwana goma sha ɗaya tayar baya ba ta nemi ko famfo ba, robar bawul ma na canza. Sai jiya ga Hamza ya shigo yana turo keke. Gabana ya faɗi, na duba, ashe ta gaba ce. Tsugune ba ta ƙare ba. Muka bi da auduga, ta kama zare wuri biyu, tsidau ne, Ɗan_Mirya ka ci gari. Shi ya yi facin da hannunsa, ni ina zaune ina kallo, da ya kai yatsa zai taɓa sholisho na buge hannun. Yau da safe ta kwana da iskarta. Yanzu shawarar da ta rage ita ce tsohon shambur na Baba zan shimfiɗa ko tsohuwar taya ta Ɗalibi, don duka biyun ina da su a bayan ɗaki.

Tsoho_Mai_Raleigh
Shambur.

Ɗalibi_André_Salifou
Taya, Baba, da girmanka. Ko ya sa ɗaya a gaba ɗaya a baya, mu ji wadda za ta riga sacewa.

Ɗan_Birni_84
Ni fa har yanzu ba a amsa mini ba. Mutum nawa yake goyowa?

Baban_Hamza_Karkada
Na tambaye shi, ya rantse shi kaɗai ne. Ƙanwarsa ta ce su uku ne, wani lokacin har da jakar ƙwallo.